Kwanan da Likita Gunnvor Ba Ta Ƙarasa Ba

A ƙarshen Nuwamba rana takan yi wa garin Rypvik sallama, ba a sake ganinta sai Janairu ta yi nisa. Da tsakar yini wani ɗan haske shuɗi yakan kwanta a kan teku, kafin a gama shan kofi ya ɗauke. A irin wannan yammacin ne Likita Gunnvor ta dawo daga ɗan asibitin garin, ta tarar mijinta Jarle ya dafa kifi da dankali, 'yarsu Eirin kuma, da ta zo hutu daga jami'a, tana jera faranti.

"Yau likita za ta ci abinci da zafinsa," in ji Jarle. "A kira 'yan jarida."

Bai rufe baki ba wani abu ya faɗo a kan rufi, ya gangara a hankali, ya tsaya. Suka ɗaga kai suka dubi sama. Na biyu ya faɗo, sai na uku ya fasa tagar kicin ya dira cikin kwanon kifi. Jarle ya ɗauki fitila ya zaga gidan, bai ga sawun ko kyanwa a kan ƙanƙara ba. Gunnvor ta ciro abin daga cikin kwanon, ashe dutse ne, ta juya shi a hannunta. Akwai siminti a jikinsa, ta kuma san inda ya fito.

A bayan gidan, kusa da babban dutsen da ke filin mahaifinta, akwai sabon gini. Shekara ashirin da ɗoriya Gunnvor ita kaɗai ce likita a wannan gaɓar. Likitocin kudu sukan zo, su yi sanyi ɗaya, su tattara nasu ya nasu. Ita ta yi ta naci har jami'a ta yarda a riƙa kawo ɗaliban likita 'yan ƙauye su yi shekarunsu na ƙarshe a nan, a hannunta, ko sa saba su zauna. Ita ta ba da filin. Saura mako guda a buɗe ginin, baƙi za su zo daga birni.

To, a wurinmu ba a haƙa tushe sai mai fili ya kwana a wurin tukuna, don masu ƙasa, aljanun da suka riga mu zama, su ce e ko a'a. Likita ma ba ta raina wannan ba, 'yar gari ce. Da bazara ta kafa tanti ta kwanta. Barci bai yi nisa ba aka buga mata waya, wani masunci zuciyarsa ta buga a can ƙarshen hanya. Ta tafi ta ceto shi. Da gari ya waye ta ce a ranta ai rabin kwana ma kwana ne, tunda ba ta ga komai ba. Aka kawo katafila.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da shuɗin hasken nan ya ɗauke sai ya fara, tun mutane ba su tashi daga aiki ba. Daga baya aka fara jin murya a ƙarƙashin daɓen falo, muryar mace, tana rarrashin yaro, yaron kuma ba ya amsawa. Jarle, mutumin da ya sha guguwar teku bai taɓa nuna tsoro ba, ya daina cire takalmansa a cikin gida.

Sai abin ya koma kan Eirin. Yarinya ce mai surutu, kanta kuma yana ja. Shekararta ta uku ke nan a karatun likita. Ta so ta shiga sabon shirin, uwar ta hana. A taro Gunnvor takan ce wa iyaye su bar 'ya'yansu su dawo gida su yi wa gida aiki. A kicin ɗinta kuwa takan ce wa Eirin, "Ke dai tafi kudu ki zama likitar zuciya. Kada ki tsufa a kan hanyar nan kamar ni." Mun sani, gari ne ƙarami.

Ran Laraba aka tsinci Eirin ba takalmi a gindin sabon ginin, tana tonon ƙanƙara da farcenta har jini. Aka shigo da ita. Ta daina ci, ta daina magana, jikinta ya yi sanyi kamar kifin da aka ciro yanzu. Gunnvor ta auna duk abin da ake aunawa, ta aika jini birni, aka ce lafiya lau. Amma bugun zuciyar yarinyar kullum raguwa yake yi. Uwar tana riƙe da wuyan hannunta tana ji, kuma ta san inda abin ya dosa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a kan ɗan kowa ba.

"Zan ɗauko Baba Eilif," in ji Jarle.

"Ɗauko shi," ta ce.

Baba Eilif tsohon malamin makaranta ne, ya san yaren kakanni har uku, shi ake kira ya yi karatu a kan jinin da ya ƙi tsayawa. Ita kanta likita ta sha tura masa marasa lafiya a asirce. Ya shigo ya karkaɗe hularsa, ya sa wuƙar ƙarfe a bakin ƙofar ɗakin, ya zauna a gefen gado ya buɗe tsohon littafinsa. Ya daɗe yana karatu ƙasa-ƙasa. Jifan ya tsaya.

Eirin ta buɗe ido. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dishe.

"Eilif, ka tsufa. Rufe littafin nan, ba da kai nake ba."

"Da wa kike, uwar gida?"

"Da waccan mai farar riga. Ta zo ta kwanta a ƙofata wai tana neman izini. Na fito in ba ta amsa, na tarar da bargo babu kowa."

Gunnvor ta ce, "Mutum ne yake mutuwa aka kira ni."

"Nawa ma mutuwa yake yi. Ɗana yana kwance da zazzaɓi. Ba cewa zan yi kada ki gina ba. Cewa zan yi ki jira ya ji ƙarfi mu tashi, in ma da hali ki duba mini shi, tunda an ce ke likita ce. Ƙarfenku ya shigo ta rufin ɗakin da yake kwance."

Jarle ya sunkuyar da kai.

"Za a rushe ginin," in ji Baba Eilif. "A mayar miki da wurinki."

"In sa wa a ciki?"

"A ba ki wani filin. A riƙa ajiye miki madarar fari."

Ta yi dariya da bakin Eirin, dariya mara daɗin ji. "Madara. Ɗa nake bi, tsoho. Ɗa a bakin ɗa. Kafin su buɗe ginin nan na tafi da wannan."

"Ki ɗauke ni," in ji Gunnvor.

"In yi me da ke? Ke kin huta ke nan. Ni so nake ki zauna ki ji."

Baba Eilif ya sake buɗe littafin, ya ɗora hannu a goshin yarinyar. Jikin ya sandare, haƙora suka datse. Ya ce, "Kin san zan iya ƙona ki. Na san kuma kafin ki ƙone kin tsayar da zuciyarta. Ba wanda zai ci riba. Rai ba za ki samu ba. Faɗi wani abu."

Sannan muryar ta ce, a hankali, kamar mai lasar zuma, "To, a bar mini ita a saman ƙasa. Ba za ta haye duwatsun bayan gari ba, ba za ta ƙetare mashigin teku ba, har ta mutu. Mun ji ki ta ƙarƙashin daɓe, likita. 'Ya'yan mutane su zauna, taki ta tafi. Wannan za ta zauna. In wani namu ya kwanta ciwo za mu ƙwanƙwasa, ta fito, kuma ba za ta bar bargo babu kowa ba. Uwar ce za ta amsa. Da bakinta."

Gunnvor ta dubi fuskar 'yarta. Ta tuna irin wahalar da ta sha don yarinyar nan ta fita. Tana riƙe da wuyan hannun, bugun yana nisa da juna, yana ƙara nisa. Ba damar tambayar mai jikin.

"Na yarda," ta ce.

Wani sanyi ya bi ta ƙafafunsu ya fita, wuƙar da ke bakin ƙofa ta juya da kanta. Eirin ta ja dogon numfashi ta ce, "Mama, yunwa nake ji." Baba Eilif ya sa hularsa ya fita. Ba wanda ya yi masa godiya, don ba a gode wa mai karatu, maganin karyewa yake yi.

Aka gaya wa Eirin abin da aka yi. Washegari ta ɗauki jakarta ta hau jirgin fito. Suna isa mashigin, inda za a fita babban teku, numfashinta ya ɗauke, ta zube, leɓunanta suka yi shuɗi. Matuƙin ya juya da jirgin. Kafin su iso gaɓa ta tashi zaune.

Ran buɗe ginin baƙi suka cika wurin, aka sha kofi, aka yi jawabai. Da aka kira sunayen ɗaliban farko aka ji na Eirin a ciki, sai tafi ya ɓarke. Wani babba daga jami'a ya riƙe hannun Gunnvor ya ce bai taɓa ganin sadaukarwa irin wannan ba, likita ta fara da 'yar cikinta.

Eirin tana tsaye a gefenta cikin sabuwar farar riga, tana yi wa masu hoto murmushi. Ba ta juyo ba ta ce, yadda uwar kaɗai za ta ji, "Ki yi murmushi mana, Mama. Shekara ashirin kina neman likitan da ba zai tafi ba. Ga shi kin samu."