Abin da Gemun Baba Ya Faɗa

Ranar da ya fara ganinta, tana sunkuye a ɗakin gwaji tana yanka gashin tsuntsu da ɗan almakashi. Shi ne sabon injiniyan na'urar auna aisotop, mai gano alamar abinci a cikin gashi. Ya yi sallama, ya manta abin da ya kawo shi.

"Me gashin ke gaya miki?"

"Duk abin da tsuntsu ya ci, alamarsa na zama a gashinsa," ta ce. "Da shi nake gane wa ke cin wa a tafki."

Yarinyar nan ta iya aikinta, shi kuwa tun daga ranar zuciyarsa ta tafi. Na'urar da lafiyarta ƙalau, kullum sai ya zo duba ta. Ba a daɗe ba ya fara zuwa zance gidansu.

Ana cikin haka ya so gwada na'urar bayan gyara, ya tura mata saƙo: "Tsuntsuwata, ki taho min da silin gashinki gobe. Kar ki shafa masa mai."

Tsautsayi, wayarta tana hannun Mama, mahaifiyarta.

"Gashinki? Wallahi boka ne!"

Baba ya ce kada injiniyan ya ƙara taka masa ƙofar gida. Yarinyar ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Injiniya ya zo ya durƙusa, ya yi bayani. Baba ya tsinko sili daga gemunsa.

"Tun bara likita ya hana ni nama. In na'urarka ba ƙarya ba ce, ta faɗi abin da nake ci."

Da injiniya ya dawo da sakamakon, Mama ta gyara zama.

"Mama, a yi haƙuri, sakamakon na mai gemun ne."

Ya ja Baba gefe, ya yi ƙasa da murya. "Baba, naman ya yi yawa. Don Allah a rage, muna bukatarka."

Baba ya yi tari, sannan ya koma ciki.

"Na ba shi ita. Wanda ya riƙe sirrinka, ya kuma damu da lafiyarka, shi ake ba 'ya."

"Wane sirri?" in ji Mama.

"Ke dai fara shirin biki."

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kawunansu.

"Na so in kore ka, ɗana, ashe alheri nake kora. Ga amanata. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."