Mai Zama a Sifikar Hagu

Rana ta gama faɗuwa, hasken da ya rage a falon bai fi na gane fuskar mutum ba, amma Mai Agogo bai tashi ya kunna fitila ba. Yana zaune a kujerar da ya auna da igiya ya ajiye a tsakiyar ɗakin daidai, idonsa a rufe, yatsansa a kan wani ɗan makunni da mai gyaran rediyo ya haɗa masa. In ya danna shi sama, sauti ya fito daga tsofaffin sifikoki. In ya danna ƙasa, ya koma sababbi. Aikinsa ke nan kullum da zarar ya dawo daga sallar magariba, kuma yau kwana sittin cif.

Tsofaffin na marigayi mahaifinsa ne. Akwatuna biyu ne na katako, kowanne ya kai ƙugun mutum, an lulluɓe fuskarsu da yadi mai ruwan ƙasa, sai ƙarti biyu ke iya ɗaga ɗaya. Sababbin kuwa babban ɗansa ne ya aiko daga inda yake aiki, 'yan ƙanana, baƙaƙe, ba su fi burodi girma ba. Ranar da suka iso, matarsa ta ce falon ba zai ɗauki huɗu ba, ya zaɓi biyu. Ya ce ta ba shi mako ɗaya. Sai ya ɗora sababbin a kan tsofaffin, ya zauna gwaji.

Mutum ne da ke cin abinci da kunnensa. A shago yakan kara agogo a kunne ya faɗi ciwonsa tun bai buɗe bayansa ba. Wannan kunnen ne kuma ya hana gidan sakat. Faifan garmaho ɗaya yake sawa, wuri ɗaya, inda mawaƙiyar ke jan dogon numfashi kafin ta ɗaga murya. Da ta ja numfashin sai ya ɗage allura, ya mayar baya, ya danna makunni, ya sake. A cewarsa tsofaffin suna fitar da numfashin da ɗumi, kamar matar na cikin ɗakin, amma ganga tana narkewa. Sababbin suna fitar da ganga tas, amma numfashin ya yi sanyi. Kullum hukuncinsa ke nan, kuma kullum sai ya ce bari ya ƙara ji sau ɗaya.

"Baban Auta," in ji matarsa daga ƙofar kicin, "don girman Allah ka bar baiwar Allahn nan ta yi waƙarta. Wata biyu tana shaƙar iska."

"Ke ba ki jin bambancin ne."

"Ina ji mana. Waɗancan na cin wuri, waɗannan ba sa ci."

Auta ita ce kaɗai ta rage musu a gida, shekararta goma sha bakwai, teburin karatunta yana kusurwa, manne da sifikar hagu. A wannan yammacin ta tashi daga teburin a hankali, ta tsaya bayan kujerarsa, ta ce, "Baba." Bai buɗe ido ba. Ya ɗaga hannu ɗaya, alamar ta yi shiru, ya danna makunni. A daidai lokacin dutse ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro a hankali har ya tsaya a bakin indararo.

Ya fita ya leƙa titi, ba kowa sai wani mai keke da ya riga ya yi nisa. Ya dawo yana mita, ya zauna, ya danna. Wani dutsen ya faɗo. Ya danna sau biyar, duwatsu biyar suka sauka. Matarsa ta fito da ludayi a hannu tana salati. Shi kuwa abin da ya fi ba shi haushi shi ne ƙarar ta hana shi jin numfashin da kyau.

Haka aka yi mako guda. Duwatsun ƙanana ne, masu santsi, kuma in an tsince su da safe sai a ji su da ɗumi. Maƙwabta suka yi gadi a kan katanga ba su ga mai jifa ba. Matarsa ta roƙe shi ya dakata da gwajin, ya ce ai ya kusa yanke shawara, saura ƙiris. Ran nan ta zare wayoyin duka daga bango ta ɓoye su a cikin buhun shinkafa. Da magariba ta yi, suna zaune su uku shiru, ba abin da ke jone da wuta, sai yadin fuskar sifikar hagu ya lotsa ciki, ya kumburo waje. Aka ji an ja dogon numfashi a cikin akwatin, ba a kuma sake shi ba.

Auta ta miƙe tsaye. Ta ja numfashi irin wancan, ƙirjinta ya cika, idonta ya kafe a bango, ta tsaya a haka har leɓɓanta suka canza launi, sannan ta zube a kan tabarma.

Daga ranar kullum sai ta faɗi da magariba. Aka kai ta asibiti, aka auna ƙirji, aka auna kai, aka ce ba a ga komai ba. Ta daina cin abinci, ta daina magana, sai dai ta toshe kunnenta na hagu da tafin hannu. Uwar ta rame don kuka da takaici. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ranar da ta shigo falo da hantsi ta tarar da mijinta ya tono wayoyin daga buhu, ya rage sauti ƙasa ƙasa, ya kara kunne, wai yana so ya gane ko wani abu ne ya kwance a cikin akwatin. Ta yafa mayafi ta tafi kiran Malam da kanta.

Malam dattijo ne siriri, mai yawan shiru, wanda aka sani da aikin fitar da aljanu. Ya iso da la'asar sakaliya, ya zauna a ƙasa, ya dubi akwatunan huɗu ya daɗe. Ya sa aka janye kujerar, aka kwantar da Auta a gurbinta a tsakiyar falo, ya sa uwar ta riƙe ƙafafunta. Da duhu ya fara shigowa ta taga, ya soma karatu da murya ƙasa, bai sauri, bai tsayawa. Ɗakin ya yi nauyi. Can sai yarinyar ta ja numfashin nan, ta riƙe, sannan ta sake shi da wata murya ta tsoho, mai kauri, mai ƙura, kamar ta fito daga cikin katako.

"Ya isa. Kai ma so kake ka yi ta maimaita abu ɗaya?"

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai zama a ta hagu. Shekara arba'in ina ciki. Akwai auduga, akwai duhu, ba mai buɗewa."

"Me gidan nan ya yi maka?"

"Tambayi wancan." Hannun yarinyar ya ɗaga ya nuna uban. "Mahaifinsa in ya sa faifai yakan bari ya kai ƙarshe, ya juya shi, ya kai ƙarshe. Ban taɓa damun kowa ba. Shi kuwa ya ɗora min baƙo a ka, ya sa mace tana jan numfashi a cikin ɗakina sau arba'in kowace yamma, bai taɓa barinta ta fitar ba. Na yi jifa, bai ji ba. Na yi magana, bai ji ba. Wai shi ne mai kunne."

Mai Agogo ya buɗe baki zai yi bayanin ganga da numfashi, matarsa ta galla masa harara, ya rufe.

"Laifin uba ne," in ji Malam. "Ita yarinyar me ta yi?"

Muryar ta dawo a sanyaye. "Ita kaɗai ke jina. Tun mako na biyu take jina ta wannan kunnen, tana tsoro. Sau goma sha tara ta tashi ta tsaya bayan kujerarsa ta ce Baba. Na ƙirga. Sau goma sha tara ya ɗaga mata hannu. Da na ga ba mai sauraronta, ni ma ba mai saurarona, sai na shiga."

Uwar ta fashe da kuka. Mai Agogo ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, don ya tuna kowace tsayuwa, ya tuna har ƙarar takalminta in ta juya ta koma teburi.

Malam ya ce zalunci ne, kuma fita dole. Ya ci gaba da karatu, jikin yarinyar ya yi ta karkarwa, muryar ta yi ta gurnani, har ta ce ta ji, za ta fita, amma da sharaɗi biyu. A bar faifan ya kai ƙarshe sau ɗaya. Sannan mutumin nan ya zaɓa yanzu, a gaban kowa. In tsofaffin yake so, to mai zama yana nan a ciki, sai a zauna tare. In sababbin ne, a fitar da tsofaffin akwatunan biyu tare, a kai su inda ba mutane, kada a raba su, kada a ƙona.

Malam ya juyo ya dubi Mai Agogo. Abin kunya ne a faɗa, amma mutumin nan sai da ya dubi akwatunan mahaifinsa, ya dubi sababbin, bakinsa ya fara motsi da kalmar nan tasa ta kullum, ta bari ya ƙara ji. Sai idonsa ya sauka a kan 'yarsa, kwance a gurbin kujerarsa, tafin hannunta a kan kunne.

"A fitar da su," ya ce. "Duka biyun."

Ya jona wayoyin, ya ɗora allura, ya koma gefe ya harɗe hannayensa a baya. Mawaƙiyar ta ja numfashi, ta ɗaga murya, ta yi waƙarta har ƙarshe. Waƙa ce 'yar gajeriya, ba ta fi minti uku ba. Da allura ta kai ƙarshen faifan, Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, yadin sifikar hagu ya lotsa ciki sau ɗaya ya tsaya. Ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa.

Washegari da safe aka ɗora akwatunan a bayan mota, Malam ya raka su, bai kuma faɗi inda aka kai su ba. Mai Agogo ya tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana. Falon ya yi faɗi, an ga shatin ƙafafunsu a kan siminti. Sababbin suna kan kantar falo, matarsa ce ke kunna su da rana in tana aiki, kuma ta ce ita dai ba ta ji wani aibu a sautinsu ba.

Auta ta warke, ta koma makaranta, amma kunnenta na hagu bai dawo ba. Likita ya haska, ya auna, ya ce lafiyarsa lau, sai dai ba ya ji.

Bayan mako biyu, wata magariba, yana zaune ya kara wani agogo a kunne, ta zo ta tsaya bayansa ta ce, "Baba." Hannunsa ya fara tashi da kansa. Ya kama shi da ɗaya hannun, ya ajiye agogon, ya ce, "Na'am, Auta, ina jin ki." Ba ta amsa ba, tana nan tsaye tana jira, don ta hagunta ya yi maganar. Sai ya tashi, ya zagaya ta damanta, ya sunkuya kusa da kunnenta, ya sake faɗa.