Duhun da Ke Hoton Inna

Inna, kin tuna yammacin da na ɗauke ki hoto a bakin gado? Kika ce in kunna fitila, na ce ki ɗan jira, hasken taga ya fi kyau: rabin fuska a haske, saura a duhu. Na ɗauka sau tara, na koma shago. Kafin isha'i aka aiko mini, wai kin cika.

Da Baba ya ce a wanke hoton a rataye a falo, na buɗe shi a kwamfuta. Duhun cike yake da ɗige-ɗige kamar an watsa yashi. Haka kyamara ke yi in haske ya yi mata kaɗan. Na ƙara wa wurin haske don in share, na ga abin da na gani. Sai na shafe shi, na mai da wurin baƙi wuluk, sumul.

Ranar da aka rataye shi, da magariba, tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi. Ɗaya. Shiru. Ɗaya. Baba ya leƙa waje, ko kaza babu. Kwana uku ana haka. A na huɗu ƙanwata Auta ta tsaya gaban hoton, kofi ya suɓuce mata, ta yi gyaran murya irin ta tsoho.

Baba ya ɗauko malam. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin ya ce, "Wane ne kai?"

"Maƙwabcin baiwar Allah da ta rasu. Shekara talatin ina lungun gadonta, ko tari ban taɓa yi mata ba."

"To me yarinya ta yi maka?"

"Ba ruwanta. Ga sarkin gyara can, yana maƙale a bayan ƙofa." Auta ta nuna ni. "Ya mai da duhun yadda yake, a rataye."

Malam ya ce, "Gidan makoki ne, ka sassauta."

Auta ta sauke hannu.

"To ya riƙe hoton na asali a aljihunsa. Ya duba kullum."

Na yi alkawari. Auta ta yi atishawa uku, ta sulale, ta farka tana neman ruwa.

Mutanen gida sun ɗauka aljanin na goge. Ba shi ba ne, Inna. Hannunki ne, can ƙasa cikin duhu, yana laluben kwalbar maganinki da ta gangara ƙarƙashin gado. A duka taran haka yake. Fuskarki kuwa murmushi take mini, don na ce kar ki motsa.

Har yanzu ban faɗa wa kowa ba.