Kowa Na Jiran Kowa

Ranar da Lisandro ya fara ganin Itatí, kuskure ta nuna masa. Yana gaban allo a jami'a a Córdoba, yana bayanin yadda manhajoji biyu masu aiki lokaci guda za su yi amfani da ma'ajiya ɗaya ba tare da karo ba, sai wata sabuwar ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Layi na tara fa? In ta biyun ta riga ta farko isa wurin?"

Ya duba layin a allo, ya sake dubawa, gaskiyarta ce. Bayan an tashi ta miƙo masa ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasar, tana dariya. Ya sha ya mayar mata, har da zuciyarsa a ciki.

Shekara shida ke nan Lisandro yana cin abincin rana shi kaɗai gaban kwamfuta. Aikinsa shi ne ya sa na'ura ta bi duk hanyar da manhajoji za su iya bi, har ta tabbatar babu inda za su cije. Mutum ne da ba ya taka ƙasa sai ya auna ta. Itatí ta sa masa suna Malam Tabbas, shi kuma yana kiranta Layi Na Tara.

Da ta kai shi gidansu a Corrientes, mahaifinta Don Evaristo, tsohon masunci, ya ƙare masa kallo.

"Wato kai sana'arka neman aibu? To, ran da ka gano na 'yata fa?"

Lisandro ya tsaya auna amsa har shirun ya yi yawa. Itatí ta sunkuyar da kai. Ya koma Córdoba shi kaɗai, ita ta yi zamanta a gida.

Ya ce a ransa ba zai takura mata ba, in tana sonsa za ta rubuto. Sati shida shiru. Kullum yakan dafa ruwan mate na mutum biyu, rabi ya huce a flas. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai. Ana haka ya ji a bakin abokan aiki cewa ran Juma'a za ta wuce Faransa ƙaro karatu.

Ran Laraba da safe na'ura ta nuna masa wasu manhajoji biyu sun cije. Ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Babu mai laifi a cikinsu: kowacce ta riƙe nata, tana jiran 'yar'uwarta ta fara saki, har abada. Sau nawa ya koya wa ɗalibai maganin wannan? Dole ɗaya ta fara. Ya ɗauki waya ya rubuta mata saƙo.

"Layi Na Tara, ga amsar da na kasa ba Baba: ke kika fara gano aibuna, kuma ba ki guje ni ba. Ban gwada duk hanyoyin ba, ba ni da tabbas. Ina sonki. Ki aure ni."

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo.

"Malam Tabbas, sati shida saƙona na nan a rubuce ina jiran naka. Wallahi kai sakarai ne. Ni ma haka. Faransa ta jira, zo ka faɗa wa Baba da bakinka."

A bakin kogin Paraná aka yi bikin, Don Evaristo da kansa ya gasa kifin. Ya haɗa hannuwansu, idonsa ya ciko.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, 'ya'yana. In kun yi faɗa, ku yi ta rige-rigen ban haƙuri. Kada in sake jin wani ya zauna jira."