Rigar da Ke Tsakiyar Bargo

Leah ta zaro rigar daga cikin ledar da ƙawarta Glory ta kawo mata shago.

Ba ta buƙaci ta ware ta ba. Yadi ne ruwan ƙasa, ga 'yar zangarniyar dawa a kan aljihu, wadda ita da kanta ta zauna ta saƙa da zare ruwan ɗorawa har idanunta suka yi ja. Rigar Sila ce, sojan da ke neman aurenta, wadda ta ɗinka masa Kirsimetin bara, ya sa ta ya zaga unguwar Rikoto yana taƙama kamar shi kaɗai aka taɓa yi wa riga a Zuru.

"Wa ya ba ki wagga?" Leah ta tambaya.

Glory ta gyara zama a kan bencin shagon, ta taɓe baki. "Praise mana. Ta ce zanen nata ne, rigar kuma... ke ma kin san abin da ake sawa a tsakiya."

Ta sani kuwa, tunda ita ta kafa dokar. Duk matar da ta haihu a zumuntar mata ta cocinsu, Leah kan ɗinka wa jaririn ɗan bargo da matashi kyauta, ta haɗa ƙyallaye kala-kala, ta cusa wa matashin audugar rimi. Gefen bargon daga zanen uwa take yanko shi, tsakiyarsa kuwa daga rigar uba. Abin ya bi jikin mata, har ya zama ranar suna ba sa tashi sai an ware bargon Leah kowa ta leƙa tsakiya, ana tsokanar mai jego da rigar mijinta.

Praise kuwa, da ta haihu kwanan nan, ba ta da miji yanzu. Mijinta Japhet soja ne, aminin Sila tun suna yara, ya tafi bakin daga ya bar ta da ƙaramin ciki, bai dawo ba. Kuma duk unguwar an san cewa kafin Japhet ya aure ta, Sila ne ya fara zuwa zance gidansu.

Glory ta rage murya, ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma ai kowa na gani. Tunda Sila ya zo hutu, wa ya kai Praise asibiti a kan babur? Wa ke faskare mata itace? Ta ce don ƙawance take faɗa, ba ta son a mayar da Leah abin dariya. Leah ta manta sarai cewa wannan Glory ɗin ce ta daina gaishe ta har tsawon damina guda lokacin da Sila ya fara tsayawa a ƙofar shagonta. Kishi in ya tashi ba ya tambayar wa ya kawo labari.

Bayan Glory ta tafi, ta juya rigar ciki waje. A nan ta ga abin da ya ƙarasa ta: ɗinkin hannu a gefe da gefe, da baƙin zare, a karkace kamar sawun kaza. Wata mace ta sa allura a rigarta. Rigar da ta auna, ta yanka, ta goge da hannunta, wata ta ɗora a cinya ta yi mata wannan ƙazamin aiki. Ta kifa kai a kan keken ɗinki ta yi kuka mai isarta.

Da la'asar Sila ya tsayar da babur a ƙofar shago, ya sunkuyo ya shigo, don ƙofar ba ta ɗaukar tsawonsa. Ƙato ne, faɗin kafaɗarsa kan cinye mata yadi fiye da na kowa, ta sha yi masa tsiya a kan haka. Ya ajiye mata rake da ya sayo, yana murmushi.

"'Yar telata, yau ko sannu babu?"

Ba ta ɗago ba. "Ina rigar da na ɗinka maka?"

Ya sosa ƙeya, ya kalli bango. "Ba na hwaɗa miki ba? Ta ɓace a bariki."

"A bariki."

"Wajen shanya... Leah, mi ya faru?"

Da ya faɗi wani abu daban, ko mene ne, da wataƙila ta jefa masa rigar a fuska an yi ta ta ƙare a nan. Amma ƙarya ya yi mata yana kallon bango, rigar kuwa tana ƙarƙashin cinyarta.

"Ka gaya wa baffanninka kada su zo ran Lahadi," ta ce. "Babu maganar da za su yi da kowa."

Ya yi magiya, ya kira ta da duk sunayen da ya saba lallashinta da su, ya tambaye ta laifinsa. Ta taka keke da ƙarfi har ƙararsa ta danne muryarsa. Da ya gaji ya fita, ya bar raken a kan benci.

A gida mahaifiyarta, Mama Talle, ba ta ko ɓoye jin daɗinta ba. Dama ba ta taɓa son auren ba. Ita ma matar soja ce a da, ta san yadda ake raka miji tasha a dawo ana zaman jiran da ba ya ƙarewa. Ta ce Allah ne ya raba, ta ce ga malamin makaranta nan daga Ribah da ke ta aiko gaisuwa, mutum mai kwana a gidansa. Leah ta tura tuwonta gefe.

Ta so ta ƙi ɗinka bargon. Sai wani tunani ya zo mata, mugu, ta kuma karɓe shi hannu biyu. Ai su suka aiko. To za ta ɗinka, kuma za ta yi shi yadda makaho ma zai gane. A da ɗan ƙyalle kamar tafin hannu take yankowa daga bayan riga. Wannan karon gaban rigar ta yanke gaba ɗaya, da aljihun da zangarniyar dawar, ta dasa shi a tsakiya, ta kewaye shi da jan ƙyalle don ido ya fara sauka a kansa. Babu macen da ba ta ga Sila da wannan aljihun a coci ba. In sun iya cin amanarta a ɓoye, su iya tsayawa a gaban zumunta da dangin Japhet.

Abin haushin, bargon ya yi kyau. Hannunta bai iya mugun ɗinki ba ko da zuciyarta ta so. Matashin ma ta cusa shi ya yi laushi, tana cusawa tana share hawaye, don jaririn dai bai yi mata komai ba.

Ranar suna da safe Glory ta zo da kwalliyarta ta karɓi ƙunshin, har da cewa za ta kai da hannunta. Leah ta ce kanta na ciwo, ba za ta je ba. Ta zauna a tsakar gida da ragowar rigar a cinya, baya da hannuwa da gefuna, tana tunanin ko ta aika wa Sila abinsa ko ta cusa a murhu.

Mama Talle ta fito da tsintsiya, ta tsaya a kanta. Ta ɗauki ragowar ta ɗaga sama, ta karkata kai.

"Wagga ita ce rigar da kike ta kuka a kanta?"

"Ita ce."

"Wannan ƙaton naki shi ka shiga nan? Ko hannunshi guda ba ya wucewa. Wagga ai ta mai jikin kara ce."

Ta jefa mata ta ci gaba da shara, ba ta san abin da ta yi ba.

Leah ta shimfiɗa ragowar a kan tabarma. Ta auna bayan da tafin hannunta, daga ɗinki zuwa ɗinki. Ta san faɗin bayan Sila kamar yadda ta san hanyar shagonta, kuma wannan bai kai ba, ko kusa. Baƙin zaren nan da ta yi kwanaki tana tsine wa ba gyaran yagewa ba ne. Rage rigar aka yi, aka cinye kusan rabinta, don ta zauna a jikin siririn mutum. A duk abokan Sila kuwa mutum ɗaya ne ake tsokana da cewa iska za ta ɗauke shi da bindigarsa.

Japhet.

Ita tela, wadda ke kallon mutum sau ɗaya ta faɗi awonsa, ta riƙe rigar nan kwana da kwanaki ba ta ga wannan ba. Kunya ta rufe ta, tsoro ya biyo baya. Dangin Japhet sun zo daga ƙauye, kuma yanzu haka ana gab da ware bargon a gabansu.

Ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba ta fita ta tare kabu-kabu.

Ta tarar an gama addu'a, fasto ya fita wajen maza, mata sun cika tsakar gida. Bargon na shimfiɗe a hannun mata biyu, kuma babu mai dariya. Shirun da ta so ne, ga shi ta samu, sai dai bai yi mata daɗi ba. Wata na taɓa wata, ana nuna aljihun da baki. Uwar Japhet, tsohuwa mai tsagen fuska, tana kallon bargon tana kallon surukarta. Glory na daga gefe ta rufe baki da gyale.

Praise kaɗai ba ta lura da komai ba. Ta jawo tsakiyar bargon ta kifa fuskarta a kai, kafaɗunta na rawa.

"A kira mini Sila," Leah ta ce, da ƙarfin da ita ma ba ta san tana da shi ba.

Ya shigo yana raba ido. Ba ta yi masa bayani ba, ta miƙa masa ragowar rigar ta ce ya sa. Ya kalle ta, ya kalli bargon, fuskarsa ta faɗi. Ya zura hannu, hannun ya tsaya a gwiwa, ya ja, ɗinkin ya yi ƙara. Wata tsohuwa ta fara ƙyaƙyatawa, sai dariya ta ɓarke ko'ina.

"Ni na ɗinka rigar ga, kowa ya sani," Leah ta ce. "Amma an rage ta. Ku dubi faɗinta, ku gaya mini jikin wa za ta shiga."

Praise ta ɗago da jajayen idanu, sai yanzu ta gane abin da ake kallo. Ta ce ranar da suka je godiya a coci, zuwan Japhet na ƙarshe, ba shi da rigar kirki, Sila ya ara masa wannan. Japhet ya ƙi mayarwa, ya ce ta fi dacewa da shi, ita kuma ta rage masa da hannu yadda ta iya. Bayan rasuwarsa 'yan'uwa sun raba kayansa kamar yadda aka saba, wannan kaɗai ta tsira don tana ƙarƙashin matashinta.

"Ai na ce Glory ta gaya miki, Yaya Leah. Na ce ta roƙe ki kada ki ji haushi."

Aka juya neman Glory, sai gyalenta aka hango yana fita ƙofa.

Uwar Japhet ta miƙo hannu aka ba ta bargon. Ta shafa aljihun, ta ce da wannan rigar ya zo yi mata sallama. Ta karɓi jaririn ta naɗe shi a ciki da kanta, ta gyara masa matashin. Leah ta durƙusa gaban Praise ta ce ta yafe mata, don ba da zuciya ɗaya ta ɗinka shi ba. Praise ta riƙe hannunta ta ce ko da wace zuciya ce, ta ba ɗanta ƙirjin ubansa ya kwanta a kai.

A waje, gindin mangwaro, Sila ya tsaya kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya ce tsoro ya ji. Ya san wahalar da ta sha a kan aljihun nan, ya kasa ce mata ya bayar, daga baya kuma mai rigar ya mutu, maganar ta ƙara yi masa nauyi.

"Kana fuskantar harsashi, amma ni kake tsoro?"

"Harsashi ba ya taka keke in ina magana."

Ta so ta yi dariya, ta danne. Ba ta gama hucewa ba. Ta ce masa itacen Praise daga yau su biyu za su riƙa kaiwa, kuma in ya sake yi mata ƙarya ko ta ƙwayar gero ce, malamin Ribah na nan da ransa. Ya ce ya ji, ya tambaya ko baffanninsa su zo. Ta ce su zo, amma su shirya, don Mama ba ta san ita ta wanke shi ba, kuma ranar da ta sani ba za ta yafe wa kanta ba.

Washegari ya sunkuyo ya shigo shago. Ta ciro tef daga wuyanta, ta sa shi ya buɗe hannuwa, ta zagaya faɗin bayan nan tana ƙunƙunin yadin da zai ci.

"Wagga ba ta aro ba ce," ta ce, tana kallon tef ɗin, ba shi ba. "Ko wa ya roƙa, ka ce tana da mai ita."

"Har abada a jikina za ta zauna, Leah tawa."

"A'a. Ka dai sa ta da kyau, kada ka yaga aljihun." Ta maƙala fensir a kunne, ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta. "In lokaci ya yi, ni zan yanka ta da kaina."