Tambarin Hannun Inna

Ranar da suka fara haɗuwa, fom na uku ke nan Auta ta ɓata.

Tana zaune a kan dogon benci a ofishin rajistar kasuwanci, fanka na juyawa a sama kamar mai gyangyaɗi. Ta ɗora takardar a cinya tana harararta. A kafaɗarta akwai jakar saƙa ruwan toka mai ratsin ja, aikin hannunta.

"Idan kika ci gaba da hararar fom ɗin nan, sai ya kai ki ƙara," in ji wani a gefenta.

Ta juyo. Saurayi ne dogo siriri, yatsunsa duk tawada, yana riƙe da ƙaramin kwali. A shagon ɗab'i da ke tsallaken titi yake aiki, shi ke yi wa mutane hatimi da tambari, shi ya sa kowa a layin ke kiransa Mai Hatimi.

"Malam, na roƙe ka taimako ne?"

"A'a. Fuskarki ce ta roƙa."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ci amanarta. Ta miƙa masa takardar.

Ya nuna mata da bayan biro. "Nan suna uku za ki rubuta, ki fara da wanda kika fi so. Za su duba ko wani ya riga ki. Nan kuma tambayarki suke, ke kaɗai ce mai sana'ar ko da abokin tarayya?"

"Ni kaɗai ce."

"Alhamdulillahi."

"Me ya kawo godiya?"

"Cike fom ɗin ya fi sauƙi," ya ce, yana kallon fanka.

Sunan farko da ta rubuta shi ne Hannun Inna. Mahaifiyarta ce ta koya mata riƙon kwarashi tun tana 'yar shekara tara, kuma shekara uku ke nan da rasuwarta. Da ta faɗa masa, bai yi wasa ba. Ya yi wa marigayiyar addu'a, sannan ya ce, "Suna irin wannan ba a barinsa a waje ba ƙofa. Ki sani, rajistar suna daban, rajistar tambari daban. Ta farko ta ba ki damar yin kasuwanci da shi. Ta biyu ita ke hana wani ya manna shi a kayansa."

Kafin ta tafi ya karɓi lambarta, wai don ya sanar da ita idan an kafe jerin sunayen da suka fito. Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo.

"Barka da rana, Shugaba. Sunanki ya fito, babu wanda ya riga ki. Saura satifiket, da lambar haraji, da takardar izinin sana'a daga hukumar gari. Kada ki tsorata, layi ne kawai. Ni kuma gwanin tsayuwa a layi ne."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa. "Wa ya naɗa ni shugaba?"

"Fom ɗinki. Da idona na gani."

Haka aka fara. Shi ya raka ta ofishin haraji, inda aka mayar da su sau biyu saboda hoton fasfo ya yi duhu. Shi ya zana mata tambari, tafin hannu riƙe da zare, ya yi ta gogewa yana sakewa har ta ce yatsun sun yi kama da na Inna. Shi ya matsa mata ta shigar da takardar tambarin, ko da ta ce ta gaji da ofisoshi. Ita kuma ta saƙa masa 'yar jakar zuba biro, ta ce don ya daina ɓata aljihun riga.

Ɗakin ajiya na bayan gidansu ta share ta mayar wurin aiki. Tebur ɗaya, kujera biyu, ƙusoshi a bango an rataye zare kala-kala. Satifiket ɗin ta sa shi a gilashi ta kafa a saman ƙofa.

Baba ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Shekara talatin ya yi yana aikin akawu kafin ya yi ritaya, mutum ne mai girmama takarda. Amma da Mai Hatimi ya zo gaishe shi, ya durƙusa ya faɗi abin da ke ransa, sai fuskar Baba ta canza.

"Albashinka wata-wata ne?"

"A'a, Baba. Gwargwadon aikin da na yi ne."

"To, yaro, na ji. Allah ya yi maka albarka. Ka gaida gida."

Bayan ya fita Baba ya kira ta. "Auta, ke mai saƙa, shi mai sassaƙa roba. Ranar da kasuwa ta juya baya, wa zai riƙe wani? Ba ƙin sa nake ba. Tsoro nake ji miki."

Akwai wanda Baba yake so, kowa a gidan ya sani. Ɗan amininsa ne, mai babban kanti a bakin kasuwa, wanda ya fara karɓar jakunkunan Auta yana sayarwa. Mai Kanti mutum ne mai turare da fara'a, ba ya zuwa gidan hannu rabbana. Wata rana ya zo da takarda shafi huɗu.

"Ƙanwata, wahalar ta isa haka. Ki sa hannu a nan, duk abin da kika saƙa ni zan ɗauka. Ke dai ki zauna a inuwa. Sauran maganar kuma," ya yi murmushi ya dubi Baba, "manya za su yi ta."

Auta ta ce a ba ta kwana biyu. Washegari ta kai wa Mai Hatimi takardar. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune.

"Shugaba, kada ki sa hannu. Dubi sashe na bakwai. Suna da tambari da duk salon saƙarki za su koma nasa. Ko kin bar shi, ba ki da ikon saƙa irin jakar da ke kafaɗarki."

"Ka tabbata ba kishi ke karanta maka ba?"

"Kishin yana nan, ba zan ɓoye ba. Amma ba shi ya rubuta sashe na bakwai ba. Kada ki tsaya a maganata, ƙungiyar masu sana'ar hannu suna da lauya, ranar Laraba take zama. Ki kai mata."

Ba ta sa hannu ba, ba ta kuma je wurin lauyar ba. Ta yi ta ja wa Mai Kanti rai, Baba na tambaya tana cewa tana nazari.

Ranar wata Asabar da hantsi ta biya shagon ɗab'i ba tare da ta sanar ba. Mai Hatimi na can ciki wurin injin. Ta zauna a kujerarsa, ƙafarta ta bugi wani kwali a ƙarƙashin tebur. Ta leƙa. Tambarinta ne, tafin hannu da zare, an buga shi a ƙananan ƙyallaye fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. Ita kuwa ba ta ba da aikin ko ɗaya ba.

Ta ɗauki ƙyalle ɗaya. Zanen nan a kwamfutarsa kaɗai yake.

Ya fito yana goge hannu, ya gan ta da ƙyalle a hannu, ya tsaya cak.

"Shugaba, tsaya ki ji..."

"Kada ka sake kirana da sunan nan. Ka hana ni sa hannu a takardar wani, ashe kai ko takardar ba ka buƙata. Sunan uwata ne fa!"

Ta fice. Ya biyo ta har bakin titi, ba ta waiwayo ba.

Saƙonni suka yi ta shigowa. Na farko kawai ta buɗe: "Wallahi ba yadda kike zato ba ne. Ki ba ni minti biyar." Ta kife wayar. Kwana takwas ta yi ba ta taɓa kwarashi ba. Baba ya lura abinci na dawowa yadda aka kai shi, sai ya yi ta zarya a ƙofar ɗakin aikin yana gyaran murya.

A rana ta tara ta shirya ta koma shagon, da niyyar a goge zanenta daga kwamfutar. Ba ta tarar da shi ba. Maigidan shagon ne a zaune, ransa a ɓace.

"Ke ce mai tambarin? To ki kwashe kwalinki, ya zame min ƙaya. Yaronki kuma na sallame shi."

"Sallama? Me ya yi?"

"Taurin kai! Mai kantin bakin kasuwa ya kawo aiki ranar da shi ba ya nan, ya ce da izininki. Na ga zanen a kwamfuta na buga. Da yaron ya dawo ya ce ba mai fita da kwalin nan sai an nuna takardar izini da sa hannunki. A gaban mutane ya faɗa wa mutumin. Shi kuwa ya janye duk aikin da yake kawo mana. Ni in ci me?" Ya jawo aljihun tebur ya ciro wata takarda. "Ga odar da ya rubuta, da sa hannunsa. Wai masu saƙa ya samu a wani wuri da za su yi masa da araha."

Auta ta zauna a kan kwalin, ta rufe fuska da mayafi. Da ta samu numfashi ta ciro waya ta buɗe sauran saƙonnin. Na ƙarshe gajere ne: "Ko ba za ki sake yi min magana ba, ki je wurin lauyar ranar Laraba. Takardar tambarinki na cikin koren fayil ɗin da na ba ki."

Ta rubuta: "Na zalunce ka. Kana ina?"

Amsa ta zo kafin ta sauke wayar. "Ina gida, ina koyon zaman banza. Ban iya ba."

"Ka yafe min?"

"Tun kafin ki tsallaka titi, Shugaba."

Da yamma ta ajiye kwalin a gaban Baba, ta ɗora odar a kai, ta ɗora yarjejeniyar mai shafi huɗu. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Baba, ka karanta min sashe na bakwai. Kai ka fi ni sanin takarda."

Ya sa tabarau. Ya bi layin da yatsa a hankali, yadda ya saba a ofis. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya ɗauki ƙyalle ɗaya ya daɗe yana shafa ɗan tafin hannun da ke jiki.

"Ni da na shekara talatin ina gaya wa mutane su karanta kafin su sa hannu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A gidana na ga turare na manta da karatu." Ya cire tabarau ya goge ido. "Shi yaron, aikinsa ya rasa a kan wannan?"

"Eh, Baba."

"Kuma bai zo ya yi min gori ba."

Ranar Laraba su uku suka je wurin lauyar, Baba a gaba da koren fayil a hammata. Matar ta duba ranar da aka shigar da takardar tambari, ta gyaɗa kai, ta rubuta wasiƙa shafi ɗaya. Wasiƙar ta wadatar. Mai Kanti ya aiko da ban haƙuri ta bakin mahaifinsa, bai sake taka gidan ba.

A hanyar komawa Baba ya rage tafiya har Mai Hatimi ya iso kusa da shi.

"Yanzu me za ka yi?"

"Ina da ƙaramin inji a gida, Baba. Ina so in buɗe nawa."

"Ka yi rajista?"

"Gobe zan karɓi fom."

"To idan ka gama da wannan layin, ka turo min manyanka."

Mai Hatimi ya yi tuntuɓe da abin da babu. Auta ta juya kai gefe tana danne dariya, hawaye na zuba.

Wata biyar bayan haka suka kama shago mai ƙofa ɗaya a kusa da tasha, rabi zare, rabi tawada. Lauyar ta ba su shawara kowa ya riƙe sana'arsa da sunansa, su rubuta yadda za su yi tarayya a shagon. Suka rubuta, Baba ya zama shaida, ya gyara musu waƙafi biyu.

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar, gida ya cika har waje. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun angon ya ja shi gefe. 

"Duk abin da na ba mutum a rayuwata, sai ya sa min hannu," ya ce. "Wannan babu takarda. Amana ce."

"Na karɓa, Baba."

Tsohon ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ya ɗora ɗayan a kafaɗar surukinsa. "Allah ya sa albarka a hannuwanku da abin da suke yi. Ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai."

Gidan ya amsa da amin. Auta ta rungume mahaifinta tana kuka, shi kuma yana bubbuga bayanta yana cewa ta yi shiru, alhali nasa hawayen sun fi nata gudu.