Sandunan Bahago

Ranar Lahadi da sassafe, Sufeto Badaru bai gama rataye hularsa ba wani dogon mutum ya faɗo ofishinsa ko sallama babu, ƙafafunsa duk taɓon unguwar Kassalafam.

"An sace mini sanduna, Shef."

Badaru ya dube shi sama da ƙasa. Shekarar da aka karya darajar sefa ce, kowa ya kwana da kuɗinsa ya tashi da rabi. Ƙarar da ake kawo masa a yankin New Bell na birnin Duwala ba ta wuce buhun shinkafa ko tukunyar gas ko babur. Sanda kuwa, ko makaho bai taɓa kawo ƙararta ba.

"Makiyayi ne kai?"

"Ɗan wasan golf ne ni. Sunana Imrana."

Ya yi bayani a tsaye, don ya ƙi zama. Gasar kwana huɗu ake yi a filin da ke bayan gari, hayin gada, yau ce ranar ƙarshe kuma shi ne kan gaba. Waɗanda ke kan gaba su ake kira a ƙarshe, wajen azahar. Duk wanda aka kira sunansa bai amsa ba, an cire shi ke nan.

"To ka ari na wani mana."

"Ni bahago ne. Sandar bahago daban ake ƙera ta. Duk Duwala babu wata jaka irin tawa."

Sai a nan Badaru ya gyara zama. Kayan da mutum ɗaya tak ke iya amfani da su a gari ba kayan sayarwa ba ne.

"Ashe ɓarawon ba sandunan yake so ba. So yake kada ka buga."

"Zan buga ko da muciya ce," in ji Imrana. "Shekara goma ina saɓa wa Turawa jaka kafin a yarda in taka filin nan da sunana. Ba wanda ya isa ya mayar da ni baya."

Motar komisariya, wato ofishin 'yan sandan, ba ta da mai, kamar kullum a wannan shekara. Suka tare bendsikin biyu, baburan haya, suka kutsa lungunan Kassalafam.

Jakar a wani ɗan ɗakin ajiya take kwana a bakin zaure. Badaru ya duba kwaɗon, lafiyarsa ƙalau. Rediyo na nan a kan kanta, keken ɗinki ma na nan. Makullin yana bayan wani bulo a saman ƙofa, inda aka saba ajiye shi.

"Wa ya san da bulon nan?"

"Ni da matata kawai."

Matar, Larai, tana tsaye da bokiti a hannu. Ta kalli mijinta, ta kau da kai. Badaru ya riƙe wannan kallon.

"Jiya da magariba ina kika je, Madam?"

"Famfo. Shi kuma masallaci. Cikin ruwan sama ya dawo daga fili, ya jefa jakar da taɓonta da komai, ya ce sai da safe zai wanke."

"Kin ga wani a lungun?"

"Da ina dawowa na hango wani ta baya, ya saɓa naɗaɗɗiyar tabarma. Na zaci zaman makoki za shi. Kafaɗarsa ɗaya a sauke, kamar mai jingina da bango."

Badaru ya juya ga Imrana. "Wa zai faɗa mini yadda ake raba kuɗin gasar nan? Ba kai ba. Wanda ba shi da rabo a ciki."

Aka kai shi wurin Madam Fauziya, akawun kulob ɗin golf, 'yar unguwar ce. Suka same ta a bakin titi tana jiran taksi, kuma ba ta ji daɗin a gan ta da ɗan sanda ba.

"Je suis pressée, Inspecteur, sauri nake. Yi sauri."

"Na ɗaya nawa yake ɗauka?"

"Kusan kashi ɗaya cikin biyar na tukunyar kuɗin gasar. Na biyu ya ɗara rabin wannan kaɗan, haka ake sauka har ƙasa. Da, mutum ashirin ake biya. Bana saboda kiriz, wannan matsin kuɗi da ake ciki, kamfanin da ke ba da kuɗin ya rage, mutum goma kawai. Na sha ɗaya da na ƙarshe duk ɗaya suke, hannu rabbana za su koma gida."

"In biyu suka yi kunnen doki?"

"A haɗa kuɗin gurbin biyu a raba musu daidai. 'Yan sha'awa kuwa, irin su daraktocin nan da ke bugawa don nishaɗi, ba sa taɓa ko sisi, tsallake su ake yi."

"In Imrana bai buga ba fa?"

"Ba shi da komai. Kowa da ke ƙasansa ya hau mataki ɗaya."

"Wane ne na biyu?"

"Haliru, na unguwar Nylon." Ta ɗaga hannu ta tsayar da taksi, sannan ta waiwayo. "Abu ɗaya kulob ya haramta: 'yan wasa su ƙulla a ɓoye cewa za su haɗa abin da suka ci su raba. Wanda aka kama, korarsa ake yi."

Badaru ya lura Imrana ya tsura wa kwatar bakin titi ido kamar yau ya fara ganinta. Ya bar shi a nan, ya ce ya jira, ya hau babur shi kaɗai zuwa Nylon.

Haliru gajere ne mai faɗin ƙirji, yana ɗaure igiyar takalmi a ƙofar ɗakinsa. Da ya ji abin da ya faru sai igiyar ta suɓuce masa.

"Kai ne na biyu," in ji Badaru. "In bai zo ba, kai ne na ɗaya. Ko yaron firamare zai yi wannan lissafin."

"Ba ruwana da shi, Shef. Gaisuwa kawai ke tsakaninmu."

"To ɗauko rigarka. Ka yi bayanin gaisuwar a komisariya har azahar ta wuce."

Ba a ɗau lokaci ba ƙaryar ta kwance. Haliru ya leƙa lungu, ya rage murya.

"Tukunyarmu ɗaya da shi. Abin da ya ci da abin da na ci, mu haɗa mu raba biyu. In ya yi na ɗaya na yi na biyu, manyan kasonnin nan biyu namu ne. In bai buga ba, nawa kaɗai za mu raba. Wane mahaukaci zai sare hannunsa na dama? In kulob ya ji, mun kaɗe, shi ya sa na musa."

"Tun yaushe kuke haka?"

"Tun muna ɗaukar jaka. Kuɗin golf yau akwai gobe babu, dole ka jingina da wani. Da mu uku ne."

"Ina na ukun?"

Haliru ya sunkuyar da kai. "Baba Mahmudu. Shi ya koya mana riƙon sanda. Ya tsufa, shekara biyu bai kawo komai tukunya ba. Da sefa ta faɗi, muka ce masa bana kowa tasa ta fisshe shi."

"Kuka kuma ci gaba ku biyu."

"Muna da iyali, Shef."

"Shi a gasar nan na nawa ne?"

"Na sha ɗaya."

Badaru ya juya ya nufi babur. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma ba a ɗauke shi aiki don ya kama daddawa ba.

Ya biya ya ɗauki Imrana, suka nufi ɗakin Baba Mahmudu a bayan kasuwar New Bell. 

Suka tarar da tsohon ya shirya tsaf, farar riga a goge, yana kulle ƙofa. Dogo ne da furfura, kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, irin ta wanda jaka ta danne shekara da shekaru. Ko kallon Imrana bai yi ba.

"Baba, ina ka yi magariba jiya?"

"A ɗakina, ɗana. Zazzaɓi ya taɓa ni."

"Ina sandunanka?"

"A ma'ajin kulob suke kwana. Nan rufi na yoyo. In ka gama, ka ba ni hanya, ana kirana kafin waɗannan manya."

Badaru ya matsa kamar zai ba shi hanyar, sai ya tsuguna a gefen ƙofa. Akwai kwano cike da jan ruwa, da buroshin waya a ciki. Ya tsoma yatsa ya ɗago. Guntayen ciyawa ne kore shar, gajeru, yankan inji.

"Duk New Bell ban san inda irin wannan ciyawa take ba, Baba. Mu nan taɓo muke da shi da leda. Sandunanka na kulob. To na wa ka wanke?"

Tsohon ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya yi 'yar dariya, ba ta jin kunya ba. Da kansa ya buɗe ƙofar, ya jawo naɗaɗɗiyar tabarma daga ƙarƙashin gado, ya warware ta a tsakar ɗaki.

Sandunan na kwance a jere, kowacce na ƙyalli, an shafa musu man keke.

"Da taɓo ya kwantar da su," in ji Baba Mahmudu, sai yanzu ya dubi Imrana. "A garin nan da ƙarfe ke tsatsa kafin gari ya waye. Haka na koya maka? Na yi niyyar in bar su yadda na same su, hannuna ya ƙi."

"Ka amsa kai ka ɗauka?" in ji Badaru.

"Ni na ɗauka. Bulon nan ni na nuna masa ya riƙa ɓoye makulli a bayansa. Da azahar ta wuce zan mayar masa."

"Don ka zama na goma."

"Na goma!" Tsohon ya tofar da yawu ta ƙofa. "Kuɗin na goma ko hayar wata uku ba zai biya ba. In ya zo ina so, ba na ƙi. Amma so nake ya koma gida yau hannu banza, ya ji yadda ake ji. Lokacin da nake ci, uku nake rabawa, su ko ƙwallo ba su iya ɗagawa sama ba. Ban taɓa cewa ina da iyali ba. A wasu ƙasashe ko mai ɗaukar jaka yana da ɗaya cikin goma in ubangidansa ya ci. Ni da na yi su, ba ni da ko wannan."

Imrana ya durƙusa a kan tabarmar. "Shef, na janye ƙarata. Baba, in na ci yau uku za mu raba, wallahi."

"Ban roƙe ka ba. Rabona na nema lokacin da yake haƙƙina, kuka hana. Yau da aka kama ni ya zama sadaka, ni kuwa ba na cin sadakar yaran da na goya." Ya miƙa wa Badaru hannuwansa biyu. "Sata na yi, ɗana. Yi aikinka."

Badaru bai fito da ankwa ba. Ya dai riƙe shi a gwiwar hannu. Mutanen lungu sun taru, tsohon ya ratsa su kansa a sama, bai gaida kowa ba.

A bakin titi ya tsaya, ya waiwayi Imrana da ke rungume da sandunan yana hawaye.

"Me kake jira? Je ka buga. In ka faɗi yau, kada ka ce ni ne."